Majigi Da Turancin 'Ya'yanmu

 Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, ƙungiyoyinmu na gama kai kuwa sun soma zama domin lissafin shekara. A wajen zaman nan ne wata magana take ta tasowa. Matasanmu da suka yi makaranta suna roƙo a sayi ƙaramin majigi, a riƙa haska littattafan labari masu hotuna a bangon majami'a, shafi bayan shafi, domin ƙananan yara su koyi Turanci. Waɗansu dattawa sun ce wannan wasa ne, kuɗin taki ba na kallo ba ne. Mu dai muna bayan matasan nan, amma da sharaɗi. Bari mu faɗi dalilinmu, sa'an nan mu kawo sharuɗɗan.

Majigi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tsofaffinmu suna tune da motar majigi ta zamanin Turawa, wadda ta ci gaba da yawo har bayan samun mulkin kai a 1960. Takan iso gari, a kafa farin ƙyalle a fili, da dare ya yi a nuna hotunan noma da na tsabta. Amma ku tuna, kullum akwai mutum a gefe yana bayani da harshen da jama'a suke ji. Ba domin mutumin nan ba, da an sha kallo an watse hannu wofi. Ku riƙe wannan, gama a kansa maganarmu ta tsaya.

Bukatar Turanci a fili take. Da shi ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, yaron da ya fāɗi Turanci kuwa ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya gwanance a lissafi. Yawancin bayanin da ke jikin kwalbar maganin ciyawa da na ƙwari da Turanci yake, haka nan takardar rance ta banki. Mutum nawa a cikinmu suka dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ta ce ba? Mutum nawa suka ƙone shuka domin ba su iya karanta awon magani ba?

Ga kuma halin da yaranmu suke ciki. Da yawansu suna jin Angas ko Birom ko Tangale ko Bajju a gida, su ji Hausa a kasuwa da majami'a, Turanci kuwa sai a cikin aji kaɗai. A gidaje da dama ba wani littafi in ban da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Yaro yakan haddace kalmomi daga allo kamar aku, bai taɓa jin labari ɗaya cikakke da Turanci ba. A nan majigi yake da amfani. Littafi ɗaya da yara biyu za su riƙe, in an haska shi a bango, talatin za su gani tare. Yaro ya ga akuya tana cin wanki a kan igiya, ya ji kalmar, ya yi dariya, kalmar ta zauna. Gani ya kori ji. Ubangijinmu ma da misalin mai shuka da na ƙwayar mastad ya koya wa taro, watau da abin da idonsu ya saba gani.

Littattafan kuma ba sai an saya ba. Akwai wani shiri da ake kira African Storybook, na wata ƙungiya mai suna Saide a Afirka ta Kudu, wanda ya buɗe taskarsa a intanet a 2014. Akwai kuma StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, tun 2015. Dukansu kyauta ne, an kuwa yarda a sauke, a buga, a fassara. Akwai na Hausa a ciki, akwai na Turanci. Wanda ya tafi gari ranar kasuwa yana iya saukowa da su a waya, a yi ta aiki da su ko ba sabis a ƙauye.

To, ga sharuɗɗan.

Na fari, a fara ba da labarin da harshen da yaro ya sani. Waɗansu suna tsammani hanyar koyon Turanci ita ce a hana yaro harshensa. Ba mu yarda ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka soma wani gwaji a Ile-Ife. Aka koya wa waɗansu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi kamar darasi guda, a hannun malaman da aka horar. Yaran nan ba su koma baya ba, ko a Turancin ma. Gwamnati kuwa ta sha sake magana. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen gida ko na yankin. A 2022 aka ce a kai har aji shida. A 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwa a koma Turanci. Ko me aka yanka a Abuja, yaro ba ya gane labari da harshen da bai ji ba tukuna. Malami ya nuna hotunan dukka, ya ba da labarin da Hausa ko da harshen garin, yara su san wa ya yi me. Sa'an nan ya koma shafin fari da Turanci. Ba a zuba taki a gonar da ba a share ba.

Na biyu, bakin yara ya yi aiki. Hoton da ake kallo shiru, kallo ne kawai. Malami ya tsaya a kowane shafi, ya nuna da sanda, ya faɗi jimla gajeriya, yara su maimaita tare, sa'an nan ɗaya ɗaya. Ya tambaye su me suke tsammani zai faru a shafi na gaba. Kalmomi biyar ko shida sun isa a zama ɗaya, rabin sa'a kuma ta isa. A maimaita labari ɗaya har mako guda, kada a yi ta sauyawa domin marmari. A ranar ƙarshe yara su yi wasan kwaikwayon labarin, wannan ya zama akuya, wancan mai wanki. Malami ya kasa kunne ga lafazi, gama mai jin Hausa yakan haɗa "p" da "f", har "pan" da "fan" su zama ɗaya a bakinsa. Na'ura ba za ta ji wannan ta gyara ba. Domin haka muna cewa, a nemi malami kafin a nemi majigi. Ko malamin Makarantar Lahadi ne, ko yarinyar da ta gama sakandare tana zaune a gida, a ba shi ko a ba ta ɗan hasafi, ko da mudun hatsi ne daga kowane gida. Majigi ba malami ɓarnar kuɗi ne. Malami ba majigi kuwa yana iya zana hotunan a bayan tsohuwar kalanda, aikin ya tafi.

Na uku, a zaɓi labari da hankali. Yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, in an kawo masa labarinta, kaya biyu aka ɗora masa, baƙon harshe da baƙon abu. A fara da kaza, da rijiya, da kasuwa, da ruwan sama. Dattawa biyu da wata daga Zumuntar Mata su duba kowane labari kafin a nuna. Abin da ya fi ma, mu yi namu. Wayar da ke aljihun ɗanka tana ɗaukar hoto. A ɗauki hoto goma na yadda ake cirar gyaɗa, a sa jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane, ga littafi ya samu. Yaron da ya ga kakarsa a bango ba zai yi gyangyaɗi ba.

Na huɗu, maganar kuɗi da lokaci. Dattawan da suka ce kada a taɓa kuɗin taki suna da gaskiya. Kada a ci rance domin wannan, kada kuma a taɓa jarin ƙungiya. A yi gayya a noma gona ɗaya da sunan yara, abin da ta bayar a sayi majigi mai batir da ƙaramin faifan sola. Ƙungiyoyi biyu ko uku na kusa suna iya haɗa hannu su riƙa karɓa-karɓa. A sa shi a hannun mutum ɗaya, a rubuta a littafin ƙungiya, a ajiye shi cikin akwati saboda ƙurar hunturu. Kada ya zama na kallon ƙwallo. A yi karatun da rani, gama da damina yaro ya gaji da noma. Inda ba kwanciyar hankali kada a tara yara da dare, a rufe tagogi a yi da la'asar. Iyaye mata, ku saki 'yan mata su zo, wanke-wanke zai jira rabin sa'a. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da na rugar Fulani, in iyayensu sun yarda, a marabce su, a kuma riƙe amana: abin da aka ce za a koyar, shi za a koyar.

Kada kowa ya sa rai yaro zai kama Turanci cikin wata uku. Wanda ya dasa mangwaro ba ya neman 'ya'ya a shekarar. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon kowane shugaban ƙungiya ya sa maganar nan cikin zama na gaba, tambayar fari kuwa ta zama wannan: wa zai tsaya a gefen hoton? In an sami amsa, sauran mai sauƙi ne. Ku rubuto mana yadda kuka yi domin waɗansu su ƙaru.

Allah ya sa albarka ga gonakinmu da 'ya'yanmu. Amin.