Tsoron 'yan bindiga ba lasisin gudun wuce sa'a ba ne

Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ya san yadda motar haya ke yin tsit idan la'asar ta yi sanyi. Hira ta ɗauke, kowa na duban agogon wayarsa. Can sai ka ji wani daga kujerar baya ya ce, "Direba taka ta mana, kada magariba ta riske mu a hanya." Direba kuwa dama abin da yake jira ke nan.

Kwanan baya na shiga irin wannan mota. Mun ratsa Achida ana tsakiyar hada-hadar kasuwa, ga 'yan kabu-kabu, ga masu kora dabbobi, ga yara 'yan talla, amma direbanmu bai ko ɗaga ƙafa ba, oda kawai yake dannawa. Da na ce ya sassauta, fasinjoji ne suka fara yi mini ca. Wani dattijo ya ce, "Malam, ka bar shi, ka san halin da ake ciki."

Na sani ƙwarai. Babu wanda zai raina tsoron mutumin gabashin Sakkwato. Mutanen Goronyo ba su manta da harin da aka kai kasuwarsu a watan Oktoban 2021 ba, kuma ƙauyukan Rabah da Wurno sun sha nasu. Amma mu tambayi kanmu, 'yan bindiga ne a tsakiyar kasuwar Achida da rana tsaka? Yaron da ke tsallaka titi da tiren goro, shi wane laifi ya yi?

Mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 60, idan direba ya riƙe gudun kilomita 80 a awa, minti 45 ce. Idan ya kai 120, minti 30 ce. Wato minti 15 kacal ake saya da rayukan mutum goma ko fiye. Wannan minti 15 ɗin kuwa a tasha aka ɓatar da ita, wajen jiran a cusa fasinja na biyu a kujerar gaba da ɗaure buhunan albasa a but.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga akuya ko rami, ya kai ƙafarsa kan burki, ya riga ya ci wannan tazarar. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka burki sau huɗu yake ninkuwa. Ka haɗa da lodin da ya wuce kima da tayar da ta suɗe, sai ka ga ƙwarewar direba ba ta da abin da za ta iya.

Dokar hanya ta Najeriya ta fayyace: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya ga ƙananan motoci da motocin haya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu tun a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Su ne 'ya'yanmu masu kabu-kabu da 'yan makarantar da ke tafiya a gefen kwalta.

A yankinmu abin ya fi muni, domin wanda ya samu mummunan rauni a ka ko a ƙashin baya sau da yawa sai an kwashe shi zuwa Sakkwato. Wani a hanya yake cikawa. Sai a yi jana'iza, a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma manomin da ya yarda da ƙaddara bai taɓa fasa yi wa albasarsa ban ruwa ba.

Maganin tsoron dare shi ne sammako. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshinmu su tsayar da lokacin tashin motar ƙarshe, ta cika ko ba ta cika ba, kuma su hukunta direban da aka kawo ƙararsa kan gudu. Jami'an FRSC su riƙa tsayawa a bakin garuruwa ranakun kasuwa. Gwamnati ta tsare hanyoyin, ta cike ramuka, ta kafa allunan iyakar gudu, domin ita ce ta bar ƙofar wannan uzuri a buɗe.

Mu fasinjoji kuma mu daina zuga direba. Idan wani ya ce a sassauta, ka mara masa baya, kada ka bar shi shi kaɗai. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.