Nokawut: In Yaro Ya Ji Rauni, Wa Zai Biya?

Da zarar Disamba ya kama sai a fara jin ƙarar nokawut a unguwanninmu. Kusan kowace shekara 'yan sanda sukan sanar da hana sayar da shi da harba shi, amma a shagon bakin layi yara suke saye, sau da yawa da kuɗin da mu muka ba su.

Ranar 26 ga Disamba 2012, wani ɗakin ajiyar irin waɗannan kaya ya fashe a Jankara, cikin Legas, gobarar ta ci gine-gine da dama. Mu kuma a arewa muna da ƙarin dalilin tsoro. Duk wanda ya tuna harin Madalla na Kirsimetin 2011, in ya ji fashewa a ƙofar majami'a ba zai tsaya tambaya ba. Gudu zai yi, tsofaffi da ƙananan yara ne za a tattake.

Raunin da aka saba gani shi ne na yaron da ya koma ɗaukar wanda bai tashi ba, ya fashe masa a hannu ko a fuska. A zuba wa ƙunar ruwan sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai. In ido ne, kada a murza. A nufi asibiti, gama Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da mai bukatar taimakon gaggawa.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da kan biyo baya. Ɗan wani ya jefa, ɗan wani ya rasa yatsu biyu, dukansu 'yan ikkilisiya ɗaya. Dattawa su zauna, a yi addu'a, a ce an yafe, a bar gwauruwa da kuɗin asibiti ita kaɗai. Wannan ba sulhu ba ne. Gaskiya ne 1 Korantiyawa 6 ta tsawata wa masu gaggawar kai juna kotu, amma Fitowa 21 ta ɗora kuɗin jinya a kan wanda ya yi raunin. Dattawanmu, in za ku sasanta, a faɗi adadin kuɗin, a rubuta, shaidu su sa hannu.

In sulhu ya ƙi, ko mai laifin ba namu ba ne, doka ta ba da hanya. A kai rahoto ofishin 'yan sanda. A karɓi takardar likita, a adana rasit, a ɗauki hoton raunin da ɓawon nokawut ɗin, a rubuta sunayen waɗanda suka gani da shagon da aka saya. Iyaye suna iya shigar da ƙarar neman diyya a madadin yaro. Marar kuɗin lauya ya tuntuɓi ofishin Legal Aid Council na jiharsa. Kada a jinkirta, domin irin wannan ƙara tana da wa'adi, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha.