Shawarar Ɗaki a Dakar, Tsadar Hatsi a Tawa

Sau huɗu a shekara wasu mutane kan taru su yanke hukunci a kan jikar da ke aljihun Ba'adare. Malamin lakkwal na Tawa bai san sunayensu ba, balle dillalin bisashe na kasuwar Badagishiri. Su ne ƴan kwamitin manufar kuɗi na BCEAO, babban bankin ƙasashe takwas masu cin sefa, wanda hedkwatarsa ke Dakar.

An kafa kwamitin nan ne da gyaran dokokin bankin da ya soma aiki a watan Afrilu na 2010. Gwamnan banki ke shugabanta, mataimakansa na zaune, kowace ƙasa ta ba da mutum guda, sannan majalisar ministoci ta ƙara wasu huɗu don iliminsu. Faransa ma tana da kujera, sai bayan yarjejeniyar Abijan ta Disamba 2019 ta janye wakilinta. In an yi ƙuri'a rinjaye ke ci, in aka yi kunnen doki muryar gwamna ke raba gardama. Aikin da aka ɗora musu shi ne kada hauhawar farashi ta fita tsakanin kashi 1 da kashi 3 cikin ɗari a shekara.

A takarda tsarin ba laifi. Aibin yana ga abin da ke fitowa daga ɗakin. Bayan kowane zama akan saki sanarwa da Faransanci, mai santsi kamar an goge ta da mai, a ce kwamiti ya duba, kwamiti ya lura, kwamiti ya yanke. Wa ya ce a ɗaga, wa ya ce a dakata? Ba a faɗa. Daga Yuni 2022 zuwa Disamba 2023 an ɗaga kuɗin ruwan da bankin ke ɗora wa bankuna daga kashi 2 zuwa kashi 3 da rabi, taki bayan taki. Shin mutane fiye da goma, daga ƙasashen da daminarsu ma ba ɗaya ba, kullum bakinsu ɗaya ne? Ko taron raba gado na gida guda ba ya ƙarewa haka.

Ba sai an je nesa ba. A ƙetare Ƙonni kaɗan, babban bankin Najeriya yakan bayyana mutum nawa suka zaɓi kaza, ya kuma buga bayanin kowane ɗan kwamiti da sunansa. Naira ta sha faɗuwa, kowa ya sani, ƴan canji na bakin iyaka sun fi kowa sani. Amma ɗan Sakkwato na iya nuna wanda ya yi kuskure. A Ingila ma mutum tara ne, kuma ana sanin inda kowannensu ya jefa ƙuri'arsa.

Masu kare rufin asiri suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce in an san ƙuri'ar kowa, gwamnatin ƙasarsa za ta matsa masa, ya koma ɗan aike maimakon alƙali. To, ai babban bankin Turai, wanda sefa ke ɗaure da kuɗinsa a kan 655,957 kowane Yuro, ya fuskanci wannan tsoro, amma tun 2015 yake buga labarin muhawarar zamansa ba tare da sunaye ba. A ɓoye suna, a bayyana gardama. Wanda ya kwaikwayi Turai wajen ɗaure kuɗi, me ya hana shi kwaikwayonta wajen buɗe baki?

Gardamar kuwa ita ce abin da Adar ke bukatar ji. Ma'aunin da kwamiti ke kallo matsakaici ne na ƙasashe takwas, inda Kodebuwa da Senegal suka fi nauyi. Tsadar da ke cin mutumin Barmu ko Takanamat ta tiyar hatsi ce a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba, samari suna Abijan ko Libiya wajen biɗa. Ɗaga kuɗin ruwa ba ya sa hadari ya taso. Abin da yake yi shi ne tsananta bashi ga mai son sayen injin ban-ruwa a Tabalak, wanda galibi ba banki yake zuwa ba, asusu yake zuwa, inda dokar da ta soma aiki a 2014 ta yarda a karɓi har kashi 24. Ko akwai wanda ya taɓa faɗin haka a teburin? Wataƙila akwai. Sanarwa dai ba ta nuna ba.

Mutanen nan sun ɗanɗani hukuncin nesa. A Janairu 1994, a Dakar ɗin, aka raba darajar sefa biyu cikin dare ɗaya. A ƙarshen Yuli 2023 takunkumi ya rufe asusun ƙasa, ma'aikata suka yi ta layi a ƙofar banki don ɗan abin da aka yarda su cira, har zuwa Fabrairu 2024. Gaskiya ne, shugabannin ƙasashe suka yi waɗannan, ba kwamiti ba. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma gidan da bai saba yi wa mutane bayani ba ba ya samun mai ba shi uzuri ranar wahala.

Sauran magana ta harshe ce. Takardar naira ta 1000 tana ɗauke da Hausa cikin ajami. Ta sefa ba ta da ko kalma ɗaya ta harshen masu kashe ta. Ƙungiyoyin al'adu na Tawa da malaman da ke koyar da lissafi suna da abin nema ƙarami, mai yiwuwa: a fassara sanarwar kowane zama, a karanta ta a gidajen rediyon jiha, kuma mutumin da Nijar ta ba da sunansa ya zo sau ɗaya a shekara ya amsa tambaya da Hausa.