Sharhi: Me ya sa allurar korona ta biyu ta yi jinkiri a 2021, kuma ina haɗarin yake?



Bayan ƙaramar Sallar 2021, tambayar da ta fi yawo a bakin waɗanda suka karɓi allurar rigakafin korona ita ce: yaushe za a yi ta biyu? Wani an rubuta masa mako takwas a kati, da ya koma aka ce sai mako goma sha biyu. Wani ya ji a rediyo cewa a Amurka mako uku ko huɗu ne kawai tsakanin allura biyun. Daga nan sai zargi ya shigo, ana cewa ko dai likitoci ba su san abin da suke yi ba, ko kuma gwaji ake yi da talakawa. Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa. Jinkirin da ake magana a kai iri biyu ne. Akwai wanda wasu ƙasashe suka zaɓa da kansu bayan lissafi, akwai kuma wanda rashin allura ya tilasta wa ƙasashen Afirka. Wanda ya haɗa su wuri guda ba zai gane abin da ke faruwa ba.

Da farko, me ya sa ake yin allura biyu? Ta farko tana gabatar wa garkuwar jiki kamannin ƙwayar cutar, jiki ya ɗauki mako biyu zuwa uku yana haɗa makaman yaƙarta. Ta biyu tuni ce, tana ƙara yawan makaman, tana kuma sa kariyar ta daɗe. Kowane nau'in allura yana da tazarar da aka gwada shi a kanta. Ta Pfizer kwana 21 ce. Ta Sinopharm, wadda Nijar ta fara aiki da ita a ƙarshen watan Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mako uku zuwa huɗu. Ta AstraZeneca, wadda ita ce mafi yawa a yankinmu a lokacin, hukumar ta ce mako takwas zuwa goma sha biyu. Don haka idan maƙwabta biyu suka ga bambanci a katunansu, su fara duba sunan allurar da aka yi wa kowa kafin su yi zargi.

Jinkirin da aka zaɓa ya fara ne a Birtaniya. Ranar 30 ga Disamba 2020, lokacin da asibitocinta suka cika da marasa lafiya, manyan jami'an lafiyar ƙasar suka sanar da cewa za a tsawaita tazarar zuwa mako goma sha biyu, har da ta Pfizer. Lissafinsu mai sauƙi ne: idan allura miliyan ɗaya ke hannu, ko a ba mutum dubu ɗari biyar cikakkiyar kariya, ko a ba mutum miliyan ɗaya kariyar farko. Suka zaɓi na biyu, don tsofaffi da yawa su samu wani abu kafin cutar ta riske su. Da babu gara ba daɗi.

Ba kowa ya yarda ba. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta nemi a rage tazarar Pfizer zuwa mako shida, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a lokacin. Kamfanin Pfizer ya ce bai gwada dogon jinkiri ba. Amurka ta ƙi bin wannan hanya, ta tsaya kan tazarar da aka gwada. Kanada kuwa ta wuce Birtaniya, ta yarda a jira har wata huɗu. Wannan saɓani ne tsakanin masana da ke auna haɗari biyu, kuma an yi shi a fili, jaridu suna bugawa.

Game da AstraZeneca, bincike ya goyi bayan jinkirin. Sakamakon da masu binciken jami'ar Oxford suka fitar a mujallar likitanci ta Lancet ya nuna cewa idan tazarar ta gaza mako shida, kariyar tana kusan kashi 55 cikin ɗari, idan kuma ta kai mako goma sha biyu ko fiye, tana kaiwa kusan kashi 81. Allura ta farko ita kaɗai ta ba da kariyar kusan kashi 76 daga kwana na 22 zuwa kwana na 90. Ke nan wanda aka ce masa ya dawo bayan mako goma sha biyu maimakon takwas bai yi asarar komai ba.

Sai dai wannan ba ya nufin allura ɗaya ta wadatar. Da sabon nau'in cutar da aka fara ganowa a Indiya ya bazu a Birtaniya, hukumar lafiyar Ingila ta gano cewa allura ɗaya tana kare kusan kashi 33 ne kawai daga kamuwa da shi, alhali biyu suna kaiwa kashi 60 a AstraZeneca da kashi 88 a Pfizer. A tsakiyar watan Mayu gwamnatin ta rage tazarar zuwa mako takwas ga waɗanda suka haura shekara 50. Ta iya yin haka ne saboda tana da allurar a ajiye. A nan ne bambancinta da ƙasashenmu yake.

Jinkirin da ya same mu ba zaɓi ba ne. A lokacin, galibin ƙasashen Afirka sun dogara ne da shirin COVAX, wanda aka kafa don ƙasashe marasa ƙarfi su samu rabonsu. Gana ce ta fara karɓa a duniya, allura 600,000 ranar 24 ga Fabrairu. Najeriya ta karɓi kusan miliyan huɗu ranar 2 ga Maris. Nijar ta karɓi fiye da 350,000 a watan Afrilu, bayan 400,000 na Sinopharm da Sin ta ba ta kyauta. Kusan duk abin da COVAX ya raba wa ƙasashen Afirka a wannan zagaye daga masana'anta guda ya fito, wato kamfanin Serum da ke birnin Pune a Indiya. Da annobar ta fara yi wa Indiya rubdugu, ƙasar ta dakatar da fitar da allura don ta yi wa 'yan ƙasarta, kafin masu kamuwa su haura 400,000 a rana guda a farkon Mayu. Kamfanin da kansa ya ce sai wajen ƙarshen shekara yake fatan komawa aikawa waje.

Kowace ƙasa ta nemi mafita. Najeriya ta umarci jihohi su daina yin ta farko da zarar sun cinye rabin abin da aka ba su, su ajiye sauran don ta biyu. Wannan ya kare waɗanda suka riga suka fara, amma ya rufe ƙofa ga miliyoyin da ba su samu ko ɗaya ba. Gana ta yi amfani da nata da sauri, sai ta wayi gari ba ta da isasshiyar ta biyu, har aka kawo mata 350,000 daga cikin waɗanda Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta mayar saboda ba za ta iya amfani da su kafin wa'adinsu ya ƙare ba. A Malawi kuwa an ƙona kusan 20,000 da suka lalace. A ƙarshen Mayu ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya ce nahiyar na bukatar aƙalla allurar AstraZeneca miliyan 20 cikin mako shida don a cika wa waɗanda suka yi ta farko.

Wannan hoto yana da fuska biyu. A lokacin, a wani wuri mutane na jira babu allura, a wani wurin allura na jira babu mutane. Na farko laifin rabon duniya ne, inda ƙasashe masu arziki suka saye yawancin abin da aka sarrafa tun kafin ya fito. Na biyu kuwa matsalar yarda ce, kuma ba daga sama ta faɗo ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, lamarin da ya mayar da cutar ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ga kuma labarin daskarewar jini da ya sa wasu ƙasashen Turai suka dakatar da AstraZeneca a watan Maris, kafin hukumar magunguna ta Turai ta ce abin yana faruwa amma da wuya ƙwarai, kuma amfanin allurar ya rinjayi haɗarinta. A irin wannan yanayi, jami'in da ya sauya ranar da ke kan kati ba tare da bayani ba ya buɗe wa masu jita-jita ƙofa da hannunsa.

Saboda haka haƙƙi na farko yana kan hukumomi. Idan allura ta ƙare, a faɗa cewa ta ƙare, a faɗi dalili, a faɗi abin da ake yi. Talaka yana iya haƙuri da rashi, abin da ba ya yafewa shi ne a ɓoye masa gaskiya. Sanarwar da ta tsaya a Faransanci ko Turanci a babban birni ba ta isa ba, sai ta kai gidajen rediyo na Hausa da sauran harsunan gida.

Mu ma akwai namu. Wanda ya yi ta farko ya adana katinsa, ya san sunan allurar da aka yi masa, ya koma ranar da aka ce. Idan lokacin ya wuce, ƙa'idar likitoci ita ce a yi ta biyu da zarar an samu, ba a sake farawa daga tushe. Kada mutum ya je wata cibiya ya ɓoye katinsa don a yi masa wani nau'i daban; a 2021 wasu ƙasashe kamar Jamus da Faransa sun yarda da haɗa nau'i biyu ga wasu rukunin mutane, amma hukunci ne na hukumomin lafiya, ba na mutum shi kaɗai ba. Kafin a cika biyun, har ma bayan haka, a ci gaba da sa takunkumi a cikin cunkoso da wanke hannu. Limamai da kwamitocin masallatai za su yi babban taimako idan suka nemi sahihan ranaku daga cibiyar lafiya mafi kusa suka sanar bayan sallar Juma'a. Ɗalibai kuma, da yake su ne ke riƙe da wayoyin da saƙonni ke shigowa, su riƙa karanta wa iyaye da kakanni abin da ke kan kati, su kuma tantance labari kafin su tura shi gaba.

Mako huɗu na ƙarin jira bai ɓata allurar farko ba. Abin tsoro shi ne dattijo mai ciwon suga ko hawan jini ya yi ta farko, ya je sau ɗaya aka ce babu, ya yi fushi bai sake komawa ba, sannan sabon nau'in cutar ya iso ya same shi da rabin kariya. Irin wannan mutumin ne ya kamata kowace unguwa ta nemo ta raka shi ranar da allura ta zo.

Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.