Tsoron 2002 da Wahalar Matan da Al'ada Ta Ɗauke Musu

A watan Yulin 2002 masu bincike a Amurka suka dakatar da wani gagarumin gwaji kan maganin homon da ake bai wa matan da al'ada ta ɗauke musu, tun wa'adinsa bai cika ba. Labarin da ya karaɗe jaridun duniya shi ne maganin yana ƙara haɗarin kamuwa da sankarar mama da kashi 26 cikin ɗari. Cikin ɗan lokaci miliyoyin mata suka yi watsi da shi, likitoci suka ja da baya, ɗaliban likitanci kuma suka taso da tsoronsa a zukatansu. Wannan tsoro ya iso mu, ya tarar da tsohuwar ɗabi'armu ta kunya da kawaici, suka haɗu suka rufe bakin kowa. Abin da nake gani shi ne macen da wannan sauyi yake gallaza wa tana da haƙƙin a zaunar da ita a gaya mata akwai magani, a auna mata amfaninsa da haɗarinsa da gaskiya, ita kuma ta zaɓa. A yau galibin matanmu ko labarin ba a ba su.

Tsakanin shekara 45 zuwa 55, gidan ƙwan mace yana rage samar da sinadarin istirojin har ya kusa tsayawa, kuma idan ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, likitoci sun ce al'ada ta ɗauke. Aikin istirojin bai tsaya ga haihuwa ba. Yana da hannu a daidaita zafin jiki da ƙarfin ƙashi da barci da laushin fatar gaba da mafitsara. Shi ya sa za ka ga mace mai shekara 50 ta farka tsakar dare cikin hunturu sharkaf da gumi, ta sauya zane, ta koma ta kwanta, kafin asuba abin ya sake taso mata daga ƙirji zuwa fuska kamar an buɗe mata murhu. Da safe ga ciwon kai, ga saurin fushi, ga mantuwa. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa wannan tasowar zafi kan kai shekara bakwai da 'yan watanni ga matan da take damu sosai, ga baƙaƙen mata kuwa har shekara goma. Wahalar shekara goma ta fi ƙarfin a sallame ta da cewa a yi haƙuri, girma ne.

Abin da ya fi damuna shi ne inda wannan wahala take ƙarewa a wajenmu. Gumin dare sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a tafi kemis a sayo magani, a sha, bayan sati biyu a sake. Bushewar gaba da zafi wajen kwanciya sai a ce ciwon sanyi ne, a yi ta ɗirkar magungunan kashe ƙwayoyin cuta alhali babu ƙwayar cutar da za a kashe. Faɗuwar gaba da rashin barci kuwa a jingina su ga iskoki ko sammun kishiya. Mace takan je wajen malam ta tambayi hukuncin salla da azumi idan jini ya rikice mata, kuma daidai ne ta tambaya, amma da wuya ta kai wannan rikicewar gaban likita. Shi kuma maigida abin da ya gani kawai shi ne uwargida ta sauya hali, tana gudun shimfiɗa, sai ya fassara shi da raini ko tsufa. Aure na shekara talatin yana iya yin tsami a kan abin da ƙaramin bututun man istirojin na shafawa a gaba yake magancewa cikin 'yan makonni.

Mu koma ga gwajin na 2002, domin a kansa duk wata gardama take tsayawa. Mata 16,608 ne suka shiga, masu shekara 50 zuwa 79, matsakaicin shekarunsu 63. Ke nan yawancinsu sun daɗe da wuce lokacin da mace take neman maganin don tasowar zafi. An bai wa kusan rabinsu nau'i guda na ƙwayar haɗiya, istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, haɗe da wani sinadarin furojestin. Kashi 26 ɗin da ya firgita duniya, idan aka mayar da shi ƙidayar mutane, yana nufin ƙarin mata takwas masu sankarar mama cikin kowace mata 10,000 a shekara. An kuma sami ƙarin takwas na shanyewar ɓarin jiki da ƙarin bakwai na ciwon zuciya, sannan karayar ƙashin ƙugu ta ragu da biyar, sankarar hanji ta ragu da shida. Ɗaya ɓangaren gwajin, na mata sama da 10,000 da aka cire wa mahaifa aka bai wa kusan rabinsu istirojin zalla, bai nuna ƙaruwar sankarar mama ba sam. Da aka sake tankaɗe alƙaluman bisa shekaru, sai ta bayyana cewa macen da ta fara maganin tana ƙasa da shekara 60, ko cikin shekara goma da ɗaukewar al'ada, haɗarinta ƙarami ne, kuma a mafi yawan lokuta amfanin ya rinjaya. A kan wannan matsaya manyan ƙungiyoyin likitocin mata suke a yau. Maganin ma ya sauya: akwai wanda ake mannawa a fata kamar filasta a riƙa sauyawa sau ɗaya ko biyu a mako, akwai na shafawa, kuma waɗannan ba su ɗauke da haɗarin daskarewar jini irin na ƙwayar haɗiya. Yawancinsu daga sinadaran tsirrai ake haɗa su, ga mai ƙyanƙyamin batun goɗiya.

Mai ja da ni zai ce ko ƙaramin haɗari ne, ai sankara ce, kuma a ƙasar da yawancin masu sankarar mama ba sa isa asibiti sai ciwo ya ci jiki, ga na'urar hoton mama sai a manyan birane, ƙara ko da mutum ɗaya ganganci ne. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa idan mata suka fara haɗin istirojin da furojestin na kullum suna da shekara 50 suka yi shekara biyar a kai, za a sami ƙarin mutum ɗaya mai sankarar mama cikin kowace 50 a tsawon shekara 20. Ga masu shan istirojin zalla, ɗaya cikin 200. Saboda haka ba kowace mace ce za a bai wa ba. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon hanta mai tsanani, ba nata ba ne, kuma akwai wasu magunguna marasa homon da za a gwada mata. Mai mahaifa ba a ba ta istirojin na sha ko na mannawa shi kaɗai, domin tun 1975 aka gano yana haddasa sankarar bangon mahaifa idan babu furojestin tare da shi. Amma duk waɗannan dalilai ne na a yi tantancewa, a auna hawan jini, a duba mama, a riƙa bibiya duk shekara. Macen da ta zo asibiti neman sauƙin gumin dare ita ce za a samu damar duba mamanta. Wadda aka sallama da haƙuri ba za a sake ganinta ba sai ranar da ƙari ya fashe.

Akwai kuma masu cewa ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, tsarin halitta ne. Haka ne, kuma mata da dama suna wucewa lafiya lau ba su buƙatar komai. Raunin gani ma tsarin tsufa ne, ba wanda ya hana dattijo tabarau. Inda nake tare da su shi ne ƙin yarda a mayar da homon maganin tsufa. An yi wannan kuskure a Amurka bayan littafin likita Robert Wilson na 1966, wanda ya tallata istirojin a matsayin abin da zai dawwamar da ƙuruciyar mace, har aka riƙa bai wa matan da ba abin da ke damunsu don kare zuciya. Wannan alkawari ne gwajin 2002 ya rushe, kuma ya kyauta.

Irin wannan alkawari ne yanzu ya cika Facebook da TikTok a bakin masu sayar da kayan mata da haɗe-haɗen gargajiya. Ƙiba, rama, ƙuraje, rashin haihuwa, ɗaukewar ni'ima, duk an tara su a ƙarƙashin rikicewar homon, kwalba ɗaya ta warkar da su. Shirun asibiti ne ya buɗe musu wannan kasuwa. Homon ba guda ɗaya ba ne, kuma alamominsu suna kama da juna. Bugun zuciya da gumi da rama na iya zama ƙwayar maƙoƙo ce take aiki fiye da kima, gajiya da yawan fitsari na iya zama ciwon suga, kuma gwajin jini ne yake rarrabewa. Mai kwalba ba ya tambayar tarihin sankara a dangi, ba ya auna jini, bai ma san abin da ke cikin kwalbarsa ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Tsarin lafiyarmu ya san mace tun daga awon ciki har zuwa yaye, daga nan sai ya manta da ita. Ma'aikaciyar jinya ko ungozomar da ke asibitin unguwa za ta iya koyon tambayoyi kaɗan da za ta yi wa duk macen da ta haura 45: Hajiya, yaya barci, ana gumin dare, akwai zafi wajen kwanciya, yaushe rabonki da jini? Tambayar ƙarshen ita ce mafi muhimmanci, domin jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa ba al'ada ba ce, yana iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, kuma mai irin wannan ya kamata a tura ta wajen likitan mata cikin makon, kafin a yi zancen kowane irin homon.