IYAKA TA RABA MAKARANTA, KADA TA RABA YARA

Wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san da ya wuce Jibiya kaɗan sai ya iske shinge da ma'aikata suna neman takardu. Mutanen da ke ƙetaren shingen nan Hausawa ne kamar na wannan gefe, abincinsu ɗaya, addininsu ɗaya, suna aurayya, har Sarkin Maraɗi ma Sarkin Katsina a ke ce masa, domin kakanninsa daga Birnin Katsina suka fito zamanin jihadi. Amma in ka ɗauki yaro daga Jibiya, ka ɗauki ɗan'uwansa daga Ɗan Isa, ka ce su nuna maka littattafansu na makaranta, sai ka rantse daga duniya biyu suka zo. Dalilin wannan, da abin da ya kamata a yi, shi mu ke so mu tattauna da malaman makaranta da ma'aikatan hukuma.

Asalin abin kuwa shi ne, Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamu, ba a shawarci talaka ko ɗaya ba. Kowace ta shirya makaranta bisa ga irin ma'aikacin da ta ke bukata. Ingilishi sun bar mulki a hannun sarakuna, don haka suna son malaman da za su rubuta lissafin haraji da Hausa. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a ƙasashen Hausa da harshen gida a ke karatu a Elementare, Turanci sai an je Midil. Aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka kawo ta nan Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa. Gasar da aka yi a 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, watau yaro ya sami abin karantawa da harshen uwarsa.

Faransawa kuwa so su ke su mai da ɗan makaranta Bafaranshe. Tun ranar da yaro ya shiga aji ba ya jin kome sai Faransanci, in ya yi Hausa a hore shi. Wanda ya yi fice sai a tura shi makarantar William Ponty can Senigal, inda su Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu. 'Yan kaɗan ɗin da suka fita sun iya Faransanci ƙwarai, amma sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba. Har yanzu tsarin bai haɗu ba. Namu firamare shekara 6 ce, sakandare 3 da 3, a rufe da jarrabawar WAEC ko NECO. Nasu firamare 6, kwaleji 4, lise 3, a rufe da Bakaloriya.

To, ga abin mamaki. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Mu kuwa da muka riga su, manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida, ta 2022 ta ƙara shi zuwa shekara shida na firamare, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke, a koma Turanci tun daga ajin farko. Watau hanyar da maƙwabtanmu suka bi suka sha wuyarta, ita mu ke shirin ɗauka, su kuma suna neman wadda muka bari.

Ba mu ce masu son Turanci ba su da hujja ba. Da shi a ke jarrabawa, da shi a ke neman aiki, kuma a gari kamar Kaduna aji ɗaya ya kan tara Bahaushe da Bagwari da Bajju da Bayarabe. A Nijar ma akwai Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Barebari, kowa da harshensa, ba daidai ba ne a danne su. Amma duk malamin da ya taɓa riƙe alli a ƙauye ya san yaron da ya iya karatu da harshen da ya ke tunani da shi ya fi saurin kama baƙon harshe. Wanda aka fara masa da abin da ba ya ji, haddar aku zai yi ta yi, ya gama aji shida bai iya rubuta wa ubansa wasiƙa ba.

Ba mu kaɗai iyaka ta yi wa haka ba. An raba tsibirin Ailan biyu a 1921. Kudu ta sa harshen Airish cikin darussan dole, Arewa ta zauna kan jarrabawa irin ta Ingila. Duk da haka, da suka yi sulhu a 1998 sai suka sa ilmi cikin al'amuran da ministocin ɓangarorin biyu za su riƙa zama a kansu. In waɗanda suka zub da jinin juna sun iya wannan, mu da Nijar ba mu da uzuri, balle tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa tsakaninmu mai ofis a Yamai.

Shawararmu uku ce. Ta farko, a daidaita rubutu. An yi taron Bamako a 1966 don wannan, amma har gobe mu kan rubuta 'ya'ya, su kuwa ƴaƴa, abin da bai taka kara ya karya ba. In an gyara, littafin da aka buga a Zariya sai ya shiga ajin Tasawa. Ta biyu, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke nan Kaduna kan hanyar Zariya ta shirya musayar malamai, nasu su koyar da Faransanci a Daura da Illela, namu su koyar da Turanci a Magarya da Ƙonni. Ta uku, hukumomin jarrabawa su fito da ƙa'ida bayyananniya ta auna takardun shaidar juna, domin yaron da iyayensa suka ƙaura kada ya koma baya.

Malamai, wannan magana taku ce, ku ta da ita a tarurrukanku, ku rubuta wa wakilanku. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023, zumunci bai yanke ba, domin a ƙafa ya ke. Saura a kai shi cikin aji. Allah ya sa shugabanni su ji, amin.