Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Sauro Ba

Jama'a, a Damagaram in jikin yaro ya yi zafi, hukunci biyu ne: ko masassarar sauro, ko ƙyanda. Daga Birni har Zango haka muke yankewa, sai a aika Kasuwar Dole a sayo ƙwaya. Sau da yawa mun yi daidai. To, ranar da muka kuskure fa?

A 1967 wani likitan yara na Japan, Tomisaku Kawasaki, ya bayyana wata cuta da ya gani a jikin yara 50, wadda yanzu ke ɗauke da sunansa. Ta fi kama ƴan ƙasa da shekara 5. Alamunta: zazzaɓi na kwana 5 ko fiye wanda ba ya jin magani, jan ido ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, harshe ya yi ja wur, hannu da ƙafa su kumbura, ƙuraje, da kaluluwa a wuya. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma babu gwajin jini guda da ke tabbatar da ita. Idon likita ne ke kama ta.

Ga inda gizo ke saƙar. Zazzaɓin yakan sauka da kansa, iyaye su yi hamdala, alhali cutar ta taɓa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Cikin yara 4 da ba a yi wa magani ba, kusan 1 jijiyoyin nan kan buɗe su kumbura. In an yi ƙarin ruwan garkuwar jiki da ake kira imunogulobulin, haɗe da asfirin, kafin kwana 10 su cika, haɗarin kan sauko zuwa wajen kashi 4 cikin 100.

A 2006 gwamnatin Tandja Mamadu ta ayyana magani kyauta ga ƴan ƙasa da shekara 5. Madalla. Amma kyautar da ba ta cikin ma'ajiyar magani, alkawari ce kawai. Imunogulobulin na da tsadar da ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci da ribar ɗan tireda.

Don haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya: a tanadi wannan magani a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, a tabbatar yaron da ake zargi an ɗauki hoton zuciyarsa, a kuma koya wa malaman asibitin karkara alamun nan.

Ku kuma iyaye, ku riƙa ƙidaya kwanaki. Zazzaɓi ya kai 5 bai sauka ba, ku koma asibiti ku ce a sake duba yaron.